Kaset Ɗin Dawowa

A shagon gyaran gashin Goggo, sama da babban madubi, akwai wani hoto da ya girme ni. Zanen wata yarinya ne tsaye a gaban ƙaramin jirgin ruwa, gashinta har ƙugu iska na wasa da shi, yayanta yana bayanta riƙe da igiya yana dariya. Rana da tururin ruwan zafi sun cinye launinsa har tekun ya koma kamar ruwan wanki, amma duk safiya shi Goggo take fara gogewa kafin ta taɓa madubin.

Goggo ƙanwar babana ce, su biyu kaɗai kakata ta haifa. Tun tana 'yar makaranta take kitso, ta fara da kawunan 'yan ajinsu, ta koma na iyayensu mata, har ta tara abin da ta kama shago. Mace ce mai saurin hannu da saurin baki. Tsinken kitso ba ya rabuwa da bayan kunnenta, kuma in ta kalli mutum, kansa take fara gani. Sau da yawa takan manta sunan mai zuwa shagon, amma ba ta manta inda gashinta ya karye bara.

Babana direban babbar mota ne. Lokacin da Goggo take budurwa yakan yi makonni a hanya, ba waya ba labari, ita kuwa ta iya bambance hon ɗin motarsa daga na kowa tun daga kwanar layi. A wata tafiya ne ya dawo mata da kwali cike da kaset-kaset na bidiyo. Wani mai bayar da hayar finafinai ne ya rufe shago ya tura masa. Ba lamba a jikinsu, ba suna, sai bango guda ɗaya mai ɗauke da hoton nan. Katun ne na Japan, irin wanda yara yanzu ke cewa anime, cikin yaren da babu mai ji a gidan. Wanda ya kwafe shi ma ya yanke waƙoƙin farko da rubuce-rubucen don kaset ya ishe shi.

Dole wani ya jera su, Goggo kuwa ta jera su da ilimin da take da shi. Ta lura a wasu kaset ɗin gashin yarinyar bai wuce kunne ba, a wasu kuma har ƙugu.

"Gashi gaba yake yi, ba ya baya," ta ce. Gajeren ta sa a farko, dogon a ƙarshe.

Labarin da muka tashi da shi ke nan. 'Yar Fitila, sunan da Goggo ta raɗa mata saboda tana kai mai ga hasumiyoyin fitila na tsakiyar teku, tana yawo ita kaɗai da gajeren gashi da wata katuwar mage mai ido ɗaya, tana neman yayanta da ya ɓata. Tsibiri bayan tsibiri tana nuna hularsa ana girgiza mata kai. Kaset na ƙarshe a masu gajeren gashi ya tsaya ne daidai inda ta hango wani haske can nesa a kan ruwa. Sai kuma masu dogon gashi: ga yayan nata, Yaya Dogo, a jirgi, ana kamun kifi, ana tsokanar juna, har zuwa na ƙarshen inda hadari ya haɗo, su kuma suka nufe shi suna dariya. A nan Goggo take kashe bidiyo ta ce, "Tunda suna tare, ruwa ya yi ta zuba."

Na taɓa tambayarta ina ƙarama, me ya sa magen ta koma 'yar mitsitsiya mai ido biyu bayan dawowar Yaya Dogo.

"'Yarta ce," in ji Goggo, ko juyowa ba ta yi ba. "Uwar ta tsufa. Mage ba ta kai mutum daɗewa. Miƙo min mataji."

Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai. Tsakanin hasken nan da dariyar Yaya Dogo akwai kaset ɗin da ba ya cikin kwalin. Shi take kira kaset ɗin dawowa. A kan kantar da ta jera su, bayan kwalaben shamfu, ta bar masa gurbi a tsakiya, ta tsayar da wani tsohon mataji a wurin don kada sauran su kwanta. Ta sa babana ya tambaya a garuruwan da yake bi, bai samu ba. Don haka ita ta riƙa tsara dawowar da bakinta, tana kitso tana ba da labari. Wata rana a bakin hasumiya suke haɗuwa, wata rana shi ne yake tsamo ta daga ruwa, wata rana magen ce take fara gane shi. Akwai matan da suke zuwa kitso don su ji wacce dawowar za a yi yau.

Na gama jami'a ina jiran aiki, nakan zauna a shagon ina naɗe tawul, lokacin da Injiniya ya leƙo da waya a hannu. Shi ne mai gyaran waya na jikin shagonmu, bango ɗaya ya raba su, kuma tsokanar Goggo ita ce abincinsa. Ba ya shiga, daga bayan labulen ƙofa yake magana.

"Uwar gashi, zo ki ga mutuniyarki. Sun sake ta sabuwa."

Goggo ta karɓi wayar da hannu mai maiƙo. Talla ce ta ɗan lokaci kaɗan: teku shuɗi shar, jirgin nan, yarinyar nan. Sai da ta sa aka maimaita har batir ya yi ja. Ta zauna, ta tashi, ta cire tsinken daga kunne ta mayar.

"Za a nuna duka? Daga farko har ƙarshe?"

"Duk Asabar kashi ɗaya, da fassara a ƙasa."

"To zan ga dawowar." Ta juyo gare ni idonta na ƙyalli. "Malama Shiru, kin ji? Zan ga dawowar da idona."

"Kada ki sa rai," in ji Injiniya. "Duk abin da suka sake sai sun lalata shi. Za ki ga sun ba ta bindiga, magen kuma tana magana."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi."

"Mu yi alkawari mana. In sun ɓata labarin, ki ba ni hoton can. Akwai rami a bangona, daidai girmansa."

A gaban mata uku da ke jiran layi Goggo ta ɗaga mataji ta nuna hoton. "In suka ɓata labarin nan, ka shigo da ƙafarka ka cire shi."

Sai a ranar na san ainihin sunan fim ɗin, don a jikin tallar yake. Da na koma gida na nema a waya, na karanta taƙaitaccen labarin tsohon. Layi na uku ban ƙarasa ba na kife wayar a kan katifa. Dogon gashin ne farko. Abin da ke cikin kaset ɗin da Goggo take jira ba dawowa ba ce.

Na yi niyyar gaya mata. Washegari na tsaya a bayanta tana wanke wa wata kai, na ce, "Goggo, wai dama..."

"Ɗaga murya, ruwa na zuba."

"Wai dama shamfun ya kusa ƙarewa."

Asabar ta farko shagon ya cika tun bayan azahar. An juya talabijin ya kalli ƙofa don Injiniya ya gani daga benci, ya jona masa wayarsa da wata doguwar igiya ta ƙarƙashin labule. Ni aka ba aikin karanta fassarar ina mayarwa da Hausa, ni da ko a aji ba a jin muryata. Nas, ma'aikaciyar asibitin da take zuwa kitso duk mako, ta zauna a kujerar gaba ta ce yau ko awa nawa za a yi a kanta ba ta gaggawa.

Aka fara, sai ga yarinya da gashi har ƙugu, ga Yaya Dogo yana jan igiya.

Matan suka juyo suna kallon Goggo. Ni na sa ido a kan tayil.

"Af," in ji Goggo. "Daga ƙarshe suka fara. Yayin yanzu ke nan, a nuna maka an ji daɗi sannan a koma baya a nuna maka wahalar. Ci gaba, Malama Shiru, me ya ce?"

Daga nan Asabar ta zama ranar shari'a. Goggo na kitso tana yanke hukunci, matan na ɗaukaka ƙara. Tekun sabon ya burge ta ƙwarai, ta ce har tana jin gishiri a leɓenta, na da kuwa kamar an shimfiɗa shuɗin zani ana kaɗawa. Amma kiɗan bai yi mata ba. Tsohon yana da wata siririyar sarewa da ke tashi duk lokacin da aka kunna fitilar hasumiya, sabon kuwa ganguna ne da tarin mawaƙa.

"Fitila ɗaya za a kunna, sai ka ce an ci yaƙi."

Gashin ne ya fi jan muhawara. Na sabon yana sheƙi, kowane sili yana tafiyarsa daban.

"Wa yake shafa mata mai a tsakiyar teku? Iskar gishiri fa. Ki kwana biyu a bakin ruwa ki zo in ga kanki."

"Goggo, zane ne," in ji Nas.

"Zane ne sai a yi ƙarya? Na da ya fi gaskiya, a dunƙule yake kamar na mai aiki."

Abin da ya fi faranta mata shi ne jin maganarsu. Shekara da shekaru tana sa musu kalmomi a baki, yanzu ga nasu. Inda ta ce Yaya Dogo yana yi wa ƙanwarsa nasiha, ashe cewa yake ta ƙona kifi. Goggo ta yi dariya har ta saki jelar kitso. Inda kuma ta canka daidai, sai ta bugi kafaɗar Nas da bayan mataji ta ce, "Ban gaya muku ba? Ni da Japananci sai dai ban sa kai ba." Da aka nuna ranar da suka tsinci 'yar mage a cikin kwandon kifi, ta ce ai ga 'yar, saura a koma baya a nuna uwar. Injiniya daga waje ya ce shi dai har ya sayi ƙusa.

Ni kuwa duk mako muryata na ƙara fita. Ina son ganin Goggo haka, tana tsalle daga kujera zuwa talabijin kamar yarinya. Na kuma san inda jirgin ya nufa.

Asabar ɗin da nake tsoro ta zo da zafi, fanka na juya iska mai ƙamshin man gashi. Goggo ta kai rabin kan Nas. A talabijin hadari ya haɗo baƙi ƙirin, Yaya Dogo ya nuna shi da yatsa, su biyun suka fashe da dariya, jirgi ya nufe shi.

"Nan ne ƙarshe," Goggo ta sanar da sababbin zuwa. "Daga nan za su koma baya. Ku shirya, mako mai zuwa gajeren gashi."

Amma hoton bai ɗauke ba. Jirgin ya ci gaba da shiga, ruwa ya fara dukan katako.

Hannun Goggo ya tsaya a cikin gashin Nas. "Wannan ba ya cikin nawa."

"Ƙari suka yi," in ji wata.

"Ku yi shiru." Ta matsa gaba, jelar kitson na hannunta, har Nas ta karkata kai tana bin ta.

Igiyar ruwa ta ɗaga jirgin ta maka. Yaya Dogo ya zame ya faɗa, ya kama igiya da hannu ɗaya. Yarinyar ta yi tsalle za ta kamo shi, sai kanta ya fizgu baya: gashinta ya naɗe a ƙarfen da ke naɗe igiya. Ta ja, ya ƙi. Wata ƙugiya da iska ke lilo da ita ta sami magen a fuska. Yarinyar ta laluba ƙugunta ta zaro wuƙar yanka igiya, ta tattara gashin a hannu ɗaya ta bayan kai, ta yanke shi a ja ɗaya. Ta isa bakin jirgin ta jawo igiyar. Igiyar ta taho da sauƙi.

Babu abin da zan fassara, don babu wanda ya yi magana. Gangunan nan da Goggo take ƙorafi a kansu ma sun yi shiru. Gari ya waye, yarinya mai gajeren gashi tana zaune a matakalar hasumiya da hula a cinyarta, mage da tsumma ɗaure a ido ɗaya tana gefenta. Sai ga sarewar, ita kaɗai, siririya, irin ta da. Kowa a shagon ya san wannan zaman. Da shi kaset ɗinmu na farko yake buɗewa.

Goggo ta saki kan Nas a hankali. "Ɗauko min na farko."

Na janyo tsohon bidiyon daga ƙarƙashin tawul-tawul, Injiniya ya miƙo hannu ta labule ya sauya wayoyin. Hoton ya fito yana rawa. Goggo ta sa na tsayar da shi inda yarinyar ta juya baya, ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin.

"Dubi ƙeyarta," ta ce. "Hagu ya fi dama tsawo. Bakinsa a karkace." Ta bi layin da tsinken kitso. "Wannan ba gashin da yake tasowa ba ne. Yankan wuƙa ne, daga baya, da hannun dama. Sun zana shi tun a wancan lokacin. Kullum yana gabana."

"To magen fa?" in ji Nas a hankali.

"Mage ɗaya ce, baiwar Allah. Ni na haifa mata 'ya." Ta juyo ta dube ni. "Ke kin sani."

Na gyaɗa kai.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar talla."

"Shi ya sa shamfu yake ta ƙarewa a bakinki." Ta goge ido da gefen tawul ɗin da ke kafaɗarta, ta zaro waya daga aljihun riga. Muna ji tana ringi, sai ƙarar mota da muryar babana.

"Yaya, kana ina? ... A'a, lafiya lau. Ana ruwa a wajen? ... To ka rage gudu duk da haka. Ka duba tayoyin nan? ... Na ce lafiya lau, mutum ba zai kira yayansa ba?"

Ta kashe. Injiniya ya yi gyaran murya daga benci.

"Uwar gashi, ina jajanta miki. Amma alkawari kaya ne. In shigo da ƙafata, ko za a miƙo min?"

"A miƙo maka me?"

"Babu dawowa fa. Kowa ya gani."

Goggo ta mayar da tsinken bayan kunne, ta riƙe ƙugu. Na ga bakinta ya fara motsi irin na in ta samo amsa.

"Me na ce a gaban mutane? Na ce in sun ɓata labarin. Sun ɓata? Yadda yake suka kawo shi, har karkacewar yankan ba su manta ba. Ni ce na gyara musu shi shekara da shekaru ba su sani ba, ko na gode ba su aiko ba. Je ka toshe raminka da kwali."

Shagon ya kwashe da dariya, har da wata da take kuka. Injiniya ya ce zai kai ƙara wurin masu shagunan layi, Nas ta ce ita ce shaida kuma ba ta ji an ambaci dawowa a alkawarin ba, sannan don Allah a ƙarasa mata kai, rabi a kitse rabi a tsefe ba za ta iya zuwa aiki ba.

Goggo ta koma bayanta, yatsunta suka kama gudu. Can sai ta tsaya.

"Tsaya. In gajeren ne ƙarshe, to hasken nan da ta hango a kan ruwa, shi ne ƙarshen tsohon?"

"A nan ya tsaya," na ce. "Ba su ƙarasa shi ba a lokacin. An ce sabon zai wuce wurin."

"Zai wuce." Ta maimaita kalmar kamar tana ɗanɗana ta. "Kin karanta abin da ke bayan hasken?"

"Babu wanda ya sani tukuna."

"Ko an sani, kika karanta sai na aske ki da wuƙar igiya." Ta ja jelar Nas har ta ce wash. "Kun ji ko? Ashe ba a baya aka bar ni ba. Ni da su Japan ɗin duk jira muke."

Kafin a tashi ta yanke hukuncinta, wanda har yau ba ta sauya ba: sabon ya iya ruwa, ya iya yanka, ya san inda ake ajiye ganga a ɗauki sarewa, amma mai shafa wa yarinyar nan mai a gashi ya ji tsoron Allah.

Ranar Litinin na riga ta zuwa shago, ina jera kwalabe na ga ta riga ta taɓa kantar. Masu dogon gashi sun dawo farko, masu gajere na biye da su, a manne ba tazara. Tsohon matajin nan yana tsaye a can ƙarshen layi, ta bar masa wuri daidai faɗin kaset ɗaya. Ta shigo da sallama, ta ajiye jaka, ta ɗauki tsumma ta hau kujera ta fara da hoton.